Jakar da telan Kasuwar Barci ya ɗinka mini da kayan aikin Baba

Adakar Baba ta shekara 11 a ƙarƙashin gadon Inna, ba mai buɗe ta sai in za a ƙara kafur. Bara da damina ruwa ya shigo ɗakin, dole muka jawo ta tsakar gida muka zazzage don a shanya. A can ƙasa, bayan manyan riguna da hulunan da ya bari, sai ga kayan aikinsa na masaƙa guda 2, irin shuɗiyar rigar nan mai haɗe da wando da ma'aikata ke kira obarol. Gwiwar ɗaya ta sha faci har sau 3. A aljihun ƙirjin ɗayar akwai tabon biro da ya taɓa fashewa, kuma na tuna ranar, don ni aka sa na dirje shi da sabulu bai fita ba.

Duk wanda ya tashi a Kaduna ta Kudu ya san abin da shuɗin nan yake nufi. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, masaƙu suka yi ta biyo baya, su Nortex da Arewa da UNTL, har ya zama jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwa. In ta yi kuka, titi ya cika da kekuna da mutane masu burbushin auduga a gashin ido. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, sauran ma kowace da ranarta. A ɗaya daga cikinsu Baba ya yi shekarunsa a ɓangaren saƙa, har ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa.

Da na ce ina son kayan aikin nan a yanka a yi mini jaka, Inna ta dube ni sheƙeƙe.

"Ke dai kin cika tsirfa. Kayan mamaci ai sadaka ake yi da su."

"Inna, wa zan ba wannan ya sa? Dubi gwiwar fa."

"To, ba nawa ba ne ni kaɗai. Ki tambayi yayanki."

Gaskiyarta kuwa. Tufafin mamaci gado ne ko da tsumma ne, sai da na bi Yaya da ƙannena 3 ɗaya bayan ɗaya kowa ya ce ya yafe. Manyan rigunan da ke da sauran mamora muka ba da su inda ya dace. Na faɗi wannan ne don kada wata ta karanta ta ɗauki almakashi ta hau kan kayan da ba nata ba, ko ta yanka rigar da wani zai iya sawa ya je masallaci.

Telan kuwa wata abokiyar aikina ce a asibiti ta haɗa ni da shi. Na ga jakar da take zuba kular abincinta, na ce wannan yadin kamar na san shi, ta yi dariya ta ce tsohon kakin mijinta ne na aikin gadi. Shagon yana wani lungu a cikin teloli na Kasuwar Barci, Tudun Wada. Ba allo, ba suna, faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma 2 ba. Keke 2 ne a ciki, wata baƙar Butterfly ta ƙafa da wani babban keken lantarki mai cin yadi mai kauri, sai yara 2 masu koyo. Asalin sana'arsa jakunkunan 'yan makaranta. Ya ce mahaifinsa baduku ne, shi ya sa hannunsa ya fi sabawa da jaka a kan riga.

Na kai masa ƙunshi guda: kayan Baba 2, fararen kayan aikina na jinya guda 4 da suka yi mini kaɗan, kakin bautar ƙasa na autanmu, da wata rigar ruwa mai ƙyalli, ruwan tsanwa shar, da maigidana ya samu lokacin da yake aiki da masu gina hanya. Duk na wanke su. Nawa na asibiti kam sai da na jiƙa su a ruwan bilic na tafasa, don kayan da suka yi shekaru suna shiga ɗakin haihuwa ba a miƙa wa mutum su haka nan.

Abin da ya fara saye ni shi ne yadda ya duba yadin. Bai yi maganar kuɗi ba tukuna. Ya ɗauki rigar Baba ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga ta saitin rana yana bin ta taƙi-taƙi. Inda haske ya ratso, sai ya zagaye da alli. Ya sa manyan yatsunsa biyu ya ja yadin kusa da kunnensa, kamar mai sauraron rediyo. Gwiwa, gwiwar hannu, mazaunai, wuya, duk ya soke su. Baya, ƙirji, bayan cinya da ƙafafun wandon daga gwiwa zuwa ƙasa, ya ce waɗannan ko yau aka saƙa su sai haka.

"Sista, yadi ba ya mutuwa gaba ɗaya. Gaɓa-gaɓa yake mutuwa. Ni aikina in san inda rai ya rage."

Ya nuna mini layukan da ke tafiya a karkace a fuskar yadin, irin na wandon jins, ya ce wannan saƙar ita ta sa yake jure gurza, kuma auduga ce zalla. Ni da aka goya da kuɗin masaƙa, sai a bakin tela na fara jin haka. Fararen kayana kuwa ya murza su ya taɓe baki, ya ce rabinsu roba ce, ba za su ɗauki nauyi ba, sai dai shafi da ƙananan jakunkunan raba kaya.

Ina zaune wani saurayi ya shigo da wando mai ɗigo-ɗigon nan na soja, wai a yi masa jakar goyo. Malam ko karɓa bai yi ba. Ya ce ba ya taɓa kayan soja ko na 'yan sanda ko na kwastan, ko da an cire komai, domin wanda ya rataya jakar shi za a tsare a shingen hanya, daga nan kuma a tambayi wanda ya ɗinka. Saurayin ya yi ta magiya, ya ce masa ya je Allah ya ba shi wani. Kakin autanmu ma sai da ya farke duk wani tambari da rubutu ya miƙo mini a hannu kafin ya yarda ya ajiye yadin, haka sunan kamfanin da ke bayan rigar ruwan. A ƙasar da ake shiga gidan mutane da kayan sarki na bogi, wannan tsantsenin ya ƙara masa daraja a idona.

Muka yi ciniki. Babbar jakar kaya ya ce naira 22,000, ƙaramar jakar fasfo ta ratayawa a wuya 4,000, jakunkunan raba kaya 3 kowace 2,500, ta sabulu da man shafawa 5,000. Muka daidaita a 35,000, na ba da kafin alƙalami 20,000. Ba araha ba ce. Da kuɗin nan zan shiga kasuwa in fito da jakar kanti mai taya har da canji, ga shi yadin ma nawa ne. Da na yi ƙorafi sai ya ce in lissafa warwarar ɗinki. Sabon yadi shimfiɗawa za ka yi ka yanka, tsoho kuwa sai yaro ya wuni da reza yana bin zare, a goge, a jera guntaye kamar mai haɗa fasasshen kasko. Daga baya da na ga aikin na yarda da shi.

Ya ce sati 2. Sati 5 aka yi. Ran farko ba wuta, na biyu yaronsa ya tafi ƙauye biki, na uku ɗinkin Sallah ya danne shi, ashe har kaftani yake karɓa in azumi ya zo. Sau 4 ina hawa Keke Napep daga wajen aiki in je in dawo hannu rabbana. Ba ya ɗaukar waya in ya san bai gama ba, wannan kuwa ya fi jinkirin ɓata mini rai. Alƙawarin tela dai kowa ya san shi, amma wanda zai yi tafiya mai rana tsayayya ya kai kayansa da wata 2 a gaba, kuma kada ya kusanci shagon daga tsakiyar Sha'aban.

Ranar da na karɓa, na daɗe ban ce komai ba. Jakar doguwa ce, tsawonta santimita 52, da na ɗora ta a sikelin jarirai na wajen aiki ta ba ni kilo 1 da ɗan ɗori. Shuɗin bai zama iri ɗaya ba. Inda rana ta ci ya yi fari-fari, inda ke cikin kalmasa ya fito da duhunsa na asali, shi kuma bai ɓoye wannan ba, ya jera su ɓari-ɓari har abin ya zama ado. Hannuwan da bel ɗin kujerar mota ya yi su, ya ce a Panteka yake sayowa wajen masu fasa motoci. Bai liƙa su a baki kawai ba kamar na kanti, ya zagaya da su ta ƙarƙashin jakar suka fito ta ɗaya gefen, yadda nauyin kaya zai zauna a kan bel ɗin, yadin ya huta. Gindin ya sa masa tamfol na tirela ninki 2. Ciki farin kayana ne, ko allura ta faɗa za ki gan ta. Kowace kusurwa ɗinki 3 ya bi ta.

Sai aljihun. Ban ce masa komai a kansa ba, amma ya ciro aljihun ƙirjin nan ɗungurungum, da murfinsa da maɓallinsa na ƙarfe da tabon biron, ya dasa shi a gefen jakar ta waje.

"Na ga kina ta shafa shi ranar da kika kawo, Hajiya. Na ce wannan ba na yankawa ba ne."

Nan nake sa tikiti yanzu.

'Yata ta fari, da ke jami'a, tana ganin jakar ta ce, "Mama, ai kin shiga yayi, wannan shi Turawa ke yi." Ta buɗe waya ta nuna mini. Kamfanin jiragen sama na Delta a Amurka, da ya canja wa ma'aikatansa kaya a 2018, ya tattara tsofaffin da nauyinsu ya kusa tan 160 ya ba wani kamfani mai suna Looptworks a Portland, aka yi jakunkunan goyo da na fasfo da wasunsu aka sayar. Akwai kuma Freitag a Zurich ta Suwizalan, wasu 'yan'uwa 2 da suka fara tun 1993 da tamfol ɗin manyan motoci da bel ɗin kujera da tsohon tub na keke, yau jakarsu ɗaya sai mai hali. Na ce mata to madalla, amma kakarki ba ta taɓa jefar da zane ba. In ya gaji ya zama zanen goyo, ya zama ƙunzugu, ya zama gammo, ya ƙare a tsumman goge kaskon tuya. Gugan rijiyarmu tub ɗin mota ne, fitilar mai ƙosan layinmu gwangwanin madara ce, tukunyar da muke dafa abincin suna daga gwangwanayen lemo aka narka ta. Abin da suka fi mu shi ne su suna rubuta labarin a jikin kaya su ƙara kuɗi, mu kuwa kunya muke ji a gane tsoho ne.

Ban kuma yarda in ruɗi kaina cewa na ceci duniya ba. Kusan rabin yadin da na kai bai shiga komai ba, a leda ya ƙullo mini ragowar. Na audugar Inna ta karɓa ta yi tsummokara da su. Na robar kuwa har yau suna nan, ba sa shan ruwa balle su yi tsumma, ba sa ruɓewa balle a binne, in an ƙona su wari da baƙin hayaƙi. Irinsu ne ke haɗuwa da leda su toshe mana kwalbati da damina. Kasuwar da shagon yake ma dilolin gwanjo ne ke shigowa cikinta kullum, kuma duk wanda ya ga an fasa dila ya san ba duka ke sayuwa ba. A Kantamanto ta Accra, masu bin diddigin abin sun ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kowane mako, wajen kashi 40 cikin 100 kuma a bola suke ƙarewa. Jakata guda ba ta rage komai a wannan tulin ba. Abin da na sani shi ne shekara 3 da suka wuce jakar kanti 2 na kashe, duk ta hannu suka tsinke.

Tafiyar farko Abuja ce, taron bita na kwana 4. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa, na cusa mata kaya kala 5, takalma 2, dardumar salla da takardu. Ta shige ma'ajiyar kaya ta saman kujera ba gardama, tunda ba ta da ƙashi, inda aka matsa ta nan take bi. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni ko daga waje aka kawo mini. Na ce daga Tudun Wada.

Muna sauka tashar Idu ta Abuja, na tsaya zan ciro caja, na ja zif, sai kawai ya buɗe ta baya. Haƙoran suka rabu tun daga farko har ƙarshe, kan zif ɗin ya zo a hannuna. Ga jama'a na turereniya, ga kayan cikina a fili. Da ɗankwali na ɗaure jakar ta tsakiya, haka na shiga otal kamar mai gudun hijira. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a duk jakar nan zif ɗin ne kaɗai sabo fil daga kanti. Yadin da ya shekara 30 da wani abu ko gezau, bel ɗin motar da ta mutu ko gezau, abin da aka saya jiya shi ya kunyata ni.

Na dawo na dire masa ita a kan keke ban ko zauna ba. Bai yi musu ba, wannan na ba shi. Ya ce laifinsa ne, lamba 5 ya sa na roba irin na jakar makaranta, alhali jakar kaya lamba 8 take so ko 10. Lambar, in ji shi, faɗin haƙoran ne in sun haɗu, da milimita. Ya aiki yaro wajen masu gwanjo, ya dawo da wata ƙatuwar rigar sanyi da ta yage a kafaɗa, aka saye ta don zif ɗinta kawai, na ƙarfe ne mai tambarin YKK. Ya farke, ya dasa, ya goga masa kyandir ya ja sau 10 a gabana. Bai karɓi kuɗin aiki ba, na dai biya 1,500 na rigar. Tsawonsa bai kai na farko ba, ya cike ragowar da guntun yadi, don haka bakin jakar ya ɗan ragu. Wata 8 ke nan, ko sau ɗaya bai cije ba. Duk mai zuwa shagon nan ta sayi zif ɗinta da kanta ta tafi da shi, ko ta tsaya a kansa ya nuna mata wanda zai sa.

Kuskure na biyu da hannuna a ciki. Na ga fararen jakunkunan raba kayan za su yi saurin datti, na ce a rina su. Ya ce mini yadin ba zai sha ba, na nace, ya kai marina na biya 3,000. Suka dawo wani iri, ba shuɗi ba, ba fari ba, kamar sararin sama da hazo. Zaren audugar ya kama baba, na robar ya ƙi, abin da ya rage ya kwanta a sama yana jiran wanda zai shafa wa. Farin hijabina ya shafa wa, a hanyar Kano, ranar da ruwa ya same mu a tashar Kawo ana ɗaura kaya. Sai da na wanke su sau 6 kafin suka daina zuba. A nan shi ya faɗa ni na ƙi ji, sai dai da ya ƙi mini ƙememe kamar yadda ya ƙi wa mai wandon soja, da ya fi mini.

Amfaninsu kuwa ban raina ba. Ɗaya ta kayan ciki, ɗaya ta hijabai, ɗaya ta masu datti. Da, in ina neman safa sai na hargitsa jaka duka a gaban mutane.

Ruwan Kawo shi ya nuna mini iyakar babbar jakar. Gindin tamfol ya hana ruwan ƙasa shiga, amma sama auduga ce, tana sha kamar soso, ta yi nauyi, kuma sai ta kwana biyu ba ta bushe ba. Da ta jiƙe wani wari ya taso, na kafur da man inji, wanda wanki 3 bai kore ba. Ni warin nan ba ya damuna, ƙamshin Baba ne in ya dawo aikin dare, amma maigidana ya ce kamar an kwana a garejin makanike. Yanzu da damina babbar leda nake fara shimfiɗawa a ciki.

Ta sabulu ita ce mummunar cikinsu, ita ce kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. Tsanwar nan mai kashe ido, da layin azurfa mai ƙyalli a tsakiya, ko a duhu ka haska waya sai ta amsa. Man zaitun ya taɓa kwancewa a cikinta, rabin kwalba, ko ɗigo bai fita ba, na juye na goge da tsumma. Ya yi dabara ya naɗe bakin ɗinkin ta ciki yadda ramukan allura ba sa kallon ƙasa.

Babban gwajin shi ne Umara, da Allah ya nufa muka je da maigida bayan Babbar Sallah. Jakar Baba ita na riƙe a hannu. Yawancin jirage kilo 7 suke bari a shiga da shi, akwatin taya kuwa shi kaɗai yana cinye kusan kilo 3 tun ba a sa komai ba, don haka na samu sararin da abokan tafiyata ba su samu ba. Na so in auna ta cikin manyan kaya a dawowa, na fasa. Tun da Ethiopian Airlines suka hana jakar bakko, wato Gana-mas-go, a ƙarshen 2023 saboda tana maƙalewa a injin tura kaya, nake tsoron duk jaka mai laushi da hannuwa a sake. Wannan ma hannuwanta dogaye ne, kuma bai yi musu abin ɗaurewa ba.

Rashin taya kuwa kafaɗata ta faɗa mini. A filin jirgin Jidda tafiya ce mai nisa kafin a kai wajen duba fasfo, ga layi, bel ɗin mota kuma an yi shi ne don ya riƙe mutum, ba don ya yi wa kafaɗa daɗi ba. Gefensa yana yanka. Da ya naɗa masa soso ko ninkin yadi a daidai kafaɗa, da an huta. Na ƙarasa ina jan ta a ƙasa da ƙafa, tamfol ɗin ya sha tayil bai nuna ba. Dattijuwa ko mai ciwon baya, wannan ba jakarta ba ce.

Jakar fasfon ita ce ban gamsu da ita ba har yanzu. Kakin autanmu ya yi kyau, igiyar ma daidai, tana shigewa ƙarƙashin hijabi ba mai gani. Amma ya auna fasfo cif-cif ya yanka, bai bar wurin katin rigakafi da takardar shiga jirgi ba, sai an lanƙwasa su. Kuma bai sa mata leda a ciki ba. Zafin Makka, ga ɗawafi, ga sa'ayi, na dawo masauki na tarar bangon fasfona ya yi laushi da gumi, gabana ya faɗi. Allah ya taimaka bai kai shafin hoto ba. Daga ranar a ledar magani nake sa shi kafin in zura. Da na gaya masa sai ya ce shi bai taɓa riƙe fasfo ba, na wani kwastoma ya ara ya gwada. Na kai masa tsohuwar takardar jirgina da katin rigakafin ya ajiye, saboda na gaba.

In aka tambaye ni ko a je, sai in ce a je, in dai yadin da za a kai mai ƙwari ne: kakin makanikai, na direbobi, na masu gadi, na ma'aikatan masana'anta. Farin kayan asibiti da na 'yan makaranta ba su da wannan ƙarfin, shafi ne iyakarsu. Hannun mutumin a yanka da ɗinki ban ga na biyunsa ba a garin nan. Inda yake sakaci shi ne abin da zai sayo da kuɗi, zif da ƙugiya da zare, nan yake neman sauƙi, nan kuma za a sa masa ido. A faɗa masa takamaimai abin da za a zuba a jakar da irin tafiyar da za a yi, don bai san filin jirgi ba, tashar mota ya sani.

Watan jiya Inna za ta Zariya duba ƙanwarta, ta aiko jikanta wai in ba ta aron "jakar nan ta tsirfa". Da ta dawo ba ta maido ba. Na je ɗauka na tarar ta rataye ta a ƙusa saitin gadonta, carbinta a cikin aljihun mai tabon biro. Na bar mata.

Yaya ma da ya gani ya ce ashe shi aka cuta, yana da rabo a yadin nan. Ƙafar wando guda ta rage a ledar da aka maido mini, wadda Inna ba ta kai ga yankawa ba. Na kai wa Malam ita, da zif ɗina lamba 8 a hannu, na ce ya fitar wa Yaya 'yar jakar aski da turare. Ya ɗaga ta saitin rana, ya ja ta kusa da kunne, ya ce za ta yi, in dawo nan da sati 2. Yau kwana 23.